Babi na Huɗu: Ƙwaya Nawa a Rami Ɗaya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gasa masara a bakin titin Jimeta ya san yadda ake zaɓe. Mai saye zai ɗaga goyo, ya juya shi, ya duba ko ƙwayar ta cika har baki. Cikakken shi ake ɗauka ko da ya fi tsada, mai giɓi kuwa sai ya daɗe a kan garwashi yana bushewa. Ita ma mai gasawar haka ta yi wa manomi da sassafe: ta ware manya ta biya kuɗinsu, ƙananan ta ce a haɗa mata uku-uku a kuɗin ɗaya. Daga nan tambayar da manoma suka fi yi take fitowa: "Na sayi iri mai kyau, na sa taki, na ba da ruwa, kara ya yi tsawo har ya fi ni, to me ya sa goyon ya fito kamar ɗan yatsa?"

Yawanci idan an bi sawun matsalar, sai a tarar tun makonni ukun farko aka yi ɓarnar, wato ranar shuka da ranar cira. Takin da za a zuba daga baya ba ya gyara gonar da tsiro huɗu ke kokawa a rami ɗaya.

Wace masara muke nufi?

Mafi yawan masarar da ake gasawa ko dafawa a Yola da Jimeta masarar hatsi ce da aka karya tana ɗanya. Tana da daɗi, amma masara mai zaƙi ta ainihi iri ne na daban. A cikin ƙwayar masarar da muka saba da ita, sukari yana rikiɗa ya zama gari da sauri yayin da take nuna. A mai zaƙi kuwa wannan rikiɗar tana tafiya a hankali, shi ya sa idan ka danna ƙwayarta da farce sai ruwa fari kamar madara ya fito. Nau'in da ya fi kowane zaƙi ya samo asali ne daga binciken wani malami mai suna John Laughnan a Jami'ar Illinois ta Amurka cikin shekarun 1950, kuma jikokin wannan irin ne ake sayarwa yau a ƙananan fakiti a shagunan kayan gona.

Zuba irin a tafin hannunka ka gani. Busasshiyar ƙwayarsa a yamutse take, ba nauyi, kamar wadda fari ya kama. Wanda bai sani ba zai ce an sayar masa da ruɓaɓɓen iri. Lafiyarta ƙalau, haka halittarta take. Sai dai wannan yamutsewar tana gaya maka abu muhimmi: guzurin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne. Ƙwayar masarar hatsi kamar matafiyi ce mai cikakkiyar jaka, ko an binne ta da zurfi za ta lallaɓa ta fito. Ta mai zaƙi ɗan ƙullin guzuri kawai gare ta, idan hanya ta yi nisa sai ta mutu a ƙarƙashin ƙasa. Kusan duk abin da zan faɗa game da shuka daga wannan ya taso. Kuma wanda ke noman masarar gida don sayarwa ɗanya, shi ma dokokin tazara da cira sun hau kansa daidai wa daida, domin shi ma goyo yake sayarwa, ba mudu ba.

Gwada iri kafin ka taɓa ƙasa

Zafin Yola ba ya raga wa iri. Fakitin da ya yi watanni a kanta a cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, zai iya rasa ƙarfinsa ko da ba a buɗe shi ba, kuma irin mai zaƙi ya fi na hatsi saurin lalacewa. Saboda haka mako ɗaya kafin shuka, ƙirga ƙwaya 20, ka jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 5 zuwa 7 ka buɗe ka ƙirga. Idan 17 ko fiye sun tsira da saiwa mai ƙarfi, irin ya yi. Idan 12 ne ko 13, dole ka ƙara yawan ƙwaya a rami. Idan bai kai rabi ba, kada ka ɓata guminka.

Irin da ya zo da launin ja ko ruwan hoda an riga an shafa masa magani don gara da ruɓa. Ba a ci, ba a ba kaji, kuma a wanke hannu bayan shuka. Yawancin irin mai zaƙi haɗaɗɗe ne, idan ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa, gonar za ta fito wani dogo wani gajere.

Lokaci a bakin Binuwai

Daminar Yola takan kankama daga Mayu ta tafi har Oktoba. Manomin gero yana iya yin binne ya jira ruwa, amma kada a gwada wannan da masara mai zaƙi. Ruwan farko yakan yaudari mutum: ya zuba sosai dare ɗaya, sai sama ta ɗauke kwana goma. Jira har ƙasa ta jiƙu ta kai tsawon hannu, kuma ruwa ya fara bin juna.

Ga masu noman rani a gefen Tafkin Geriyo, inda hukumar raya yankin kogin Binuwai na sama take da aikin ban ruwa, da sauran fadamun bakin kogi, abubuwa biyu ne ke yi musu iyaka. Na farko ambaliya. Kogin yakan cika a ƙarshen damina, musamman idan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda mutanen Adamawa suka gani a 2012 da 2022, don haka sai ruwa ya janye ƙasa ta sha iska ake shiga. Na biyu zafin bazara. Masara mai zaƙi takan fitar da furen sama kimanin kwana 45 zuwa 55 bayan shuka, kuma ƙurar furen ba ta jure zafin da ya wuce digiri 35 tare da busasshiyar iska. Wanda ya shuka a Nuwamba ko Disamba zai yi fure cikin sanyi. Wanda ya kai Fabrairu zai haɗu da Afrilu a daidai lokacin da gemu ke fitowa, sai ya ga goyo babba amma totuwa ce rabi. A tsakiyar hunturu kuma tsiro yakan yi jinkirin fitowa, kada ka yi ta kwarara ruwa don gaggawa, ƙwayar mai zaƙi tana saurin ruɓewa a ƙasa mai sanyi da laima.

Kada ka shuka gonar duka rana ɗaya. Masara mai zaƙi kwanaki kaɗan take yi tana kan ganiyarta, kimanin mako uku bayan fitar gemu, kuma da an karya ta zaƙin ke fara raguwa. Raba gonar kashi uku ko huɗu, ka bar kwana 10 zuwa 14 tsakanin kowane kashi, don kada kayanka duka su faɗo kasuwar Jimeta a safiya ɗaya.

Zurfin rami

Sungumi na sara ƙasa yadda ya ga dama, wani rami ya yi zurfi wani ya tsaya a sama. Ga gero da dawa ba komai. Ga wannan masarar kuwa, bambancin zurfi shi ne bambancin ranar fitowa. A ƙasa mai laka irin ta fadama, santimita 2 zuwa 3 ya isa, wato gaɓar yatsa ɗaya da ɗan ƙari. A jigawa mai yashi da ke saurin bushewa, a kai santimita 4. Hanya mai sauƙi ita ce ka sami sanda mai kaurin babban yatsa, ka ɗaura mata tsumma ko ka yi mata tsaga a daidai zurfin da kake so, kowane rami ka tsaya a alamar. Ka rufe, ka ɗan danna da tafin ƙafa don ƙwaya ta manne da ƙasa, ba tare da ka dirka mata dunduniya ba.

Laka tana da wata matsala: idan aka yi ban ruwa rana ta buga, samanta yakan yi ɓawo mai tauri. Na taɓa tona ramin da bai fito ba a irin wannan ƙasa, na tarar da tsiron fari sol, ya nannaɗe kamar igiya a ƙarƙashin ɓawon, ya buɗe ganye a cikin duhu ya gaji. Maganinsa shi ne a jiƙa ƙasa tun kafin shuka, a shuka a gefen kunya inda ruwa ba ya kwanciya, idan kuma ɓawon ya riga ya yi, a yayyafa ruwa kaɗan a rana ta huɗu don ya yi laushi.

Lissafin tazara

Tazarar da malaman gona suka daɗe suna koyarwa ga masara, har da ire-iren SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin tsiro da tsiro, kowane rami tsiro ɗaya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka wannan tazarar tana ba da tsiro kusan 53,000. Idan ka yi rami kowane santimita 50 ka bar tsiro biyu, adadin bai canza ba, sai dai biyun suna raba abinci da haske a wuri ɗaya.

To duba abin da ke faruwa a gonaki da yawa. Ana yin rami kowane santimita 50, a watsa ƙwaya huɗu, duka su fito, a bar su. Ramuka kusan 26,600 sau huɗu, tsiro ya haura 106,000 a hekta, ninki biyu na abin da ƙasar za ta iya ɗauka. Kamar tuwon mutum biyu ne aka zaunar da huɗu a kansa. Kowa zai ci, ba wanda zai ƙoshi. Karan zai miƙe siriri yana neman rana, iskar hadari ta kwantar da shi, wasu ma ba za su yi goyo ba sam.

Ga mai sayar da goyo, ni na fi son a ƙara buɗawa kaɗan: 75 da 30, tsiro ɗaya, wanda ke ba da kusan 44,000 a hekta. Adadi ya ragu, amma goyo ya ƙara tsawo da kauri, kuma shi ake biya. Ba sai ka sayi awo ba. Yanke kara biyu, ɗaya 75 ɗaya 30, ko ka ƙulla igiya kowane santimita 30 ka ja ta a kan kunya. Yaran gida ma za su iya bin ƙullin ba kuskure.

Ƙwaya nawa za a jefa? Idan gwajinka ya nuna 17 cikin 20 kuma irin na da magani, ɗaya a rami ta isa, tunda irin da tsada. Inda ɓera da makwarwa ke tono, ko gwajin bai gamsar ba, jefa biyu, amma ka raba su da faɗin yatsa biyu a cikin ramin don cira ta yi sauƙi. Uku da huɗu asarar kuɗi ce.

Masara ba ta son layi ɗaya

Shekarar da na fara gwada wannan masarar a bayan gida, layi ɗaya na ja a jikin katanga, tsiro talatin, na kula da su kamar 'ya'ya. Da na ɓare goyon farko sai na ga ƙwaya warwatse, nan ɗaya can biyu. Sai daga baya na gane dalili. Kowane zare na gemun masara yana haɗe da ƙwaya ɗaya a jikin totuwa, kuma ƙwayar ba za ta cika ba sai ƙurar furen sama ta sauka a kan zarenta. Iska ce ke ɗaukar ƙurar. A layi ɗaya, iska na kwashe ta ta zubar a bayan katanga. Da na jera tsiro talatin ɗin nan a gajerun layuka biyar, shida-shida, da ƙurar wannan ta faɗa kan gemun wancan. Ko fili ya yi ƙanƙanta, a yi aƙalla layi huɗu gefe da gefe.

Wannan iskar kuma ita ke kawo ƙurar gonar maƙwabci. Idan ƙurar masarar hatsi ta sauka a kan gemun mai zaƙi, ƙwayar da za ta fito a wannan goyon mai gari ce, mai tauri, zaƙin ya tafi. A fadamar da filaye ke manne da juna, samun tazarar mita 100 tsakanin gonakin biyu don kauce wa hakan da wuya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tambayi maƙwabci ranar da zai shuka, a bar mako biyu zuwa uku tsakani, don furen biyu kada su haɗu.

Ranar cira

Nan ne zuciya ke hana hannu aiki. Mutum ya sayi iri da tsada, ya ga tsiro biyu kore shar a rami, a ce ya tumɓuke ɗaya ya yar. Wani dattijo da muke maƙwabtaka da shi a fadama ya taɓa tsayawa yana kallona ina cira, ya ce, "Malam, abin da Allah ya fitar kake cirewa?" Na ce, "Baba, ai ku ma kuna cirar gero." Ya ce gero daban, shi ba a ƙirga shi da kuɗi. Na fahimce shi sarai, domin shekarun da ya yi yana noma sun koya masa cewa gara da fari suna iya rage gona ba tare da an gayyace su ba, kuma barin tsiro da yawa shi ne inshorarsa. Amma inshorar tana da wa'adi. Bayan mako biyu, tsiron da ya tsallake gara da tsuntsu ya tsallake, na biyun kuma ya zama mai cin rabon ɗan'uwansa.

Lokacin cira shi ne kwana 10 zuwa 14 bayan fitowa, sa'ad da tsiro ke da ganye uku ko huɗu. Kafin nan ba ka gane mai ƙarfi ba tukuna. Idan ka wuce mako uku, saiwoyin sun sarƙe, cire ɗaya zai girgiza ɗayan, kuma gasar ta riga ta bar tabo. A yi ta bayan ruwan sama ko washegarin ban ruwa, da yamma ko da sanyin safiya.

Wanne za a bari? Ido yakan tafi kan mafi tsawo, amma tsawo ba shi ne ƙarfi ba. Duba gindi. Wanda gindinsa ya fi kauri, ganyensa ya fi faɗi da duhun kore, shi ne naka. Leƙa cikin kunnen tsiron, inda sabon ganye ke naɗe. Idan ka ga ƙananan huji ko wani abu kamar dusa, tsutsa ta shiga, cire shi ko da ya fi girma. Wanda ganyensa ke da zane-zanen rawaya a tsaye, shi ma ya tafi.

Yadda ake yi: durƙusa, ka sa yatsu biyu na hannun hagu a ƙasa, gefe da gefen gindin wanda za ka bari, ka danne. Da hannun dama ka kama ɗayan daga can ƙasa, ka ja shi gefe, nesa da ɗan'uwansa, a hankali. Za ka ji ɗan ƙaran tsinkewar saiwa, ya fito da ragowar ƙwayar a manne. Sai ka mayar da ƙasa ka danna. Idan biyun sun manne sosai, yi amfani da wuƙa, amma ka yanka a ƙarƙashin ƙasa. A wannan matakin idon da masara ke girma daga gare shi yana can cikin ƙasa, sai ta kai ganye shida yake haurowa. Wanda ya datse tsiro a sama zai dawo bayan kwana uku ya tarar ya sake toho. Abin da aka cire daga iri mai magani kada a ba akuya, a bar shi ya bushe a kwarin kunya.

Akwai kuma tsiron da ya makara. Idan maƙwabtansa na da ganye huɗu shi yana da biyu, ba zai taɓa kamo su ba. Za su yi masa inuwa, ya yi gemu bayan ƙura ta ƙare, ya sha taki da ruwa ya ba ka totuwa. Idan shi kaɗai ne a ramin kuma giɓin zai yi faɗi, kana iya barinsa. Idan yana tsakanin lafiyayyu biyu da ke kusa, cire shi.

Giɓi

Ramin da bai fito ba a sake shuka shi cikin kwana 7 na farko. Bayan haka sabon tsiro zai zama irin makararren nan ne. Dashen abin da aka cira ba ya cika yin kyau, domin masara ba ta son a taɓa saiwarta kamar yadda albasa ko tumatir ke jurewa. Dabarar da ta fi ita ce, ranar da ka shuka gona, ka cika ledojin ruwa da aka sha guda ashirin ko talatin da ƙasa, ka huda gindinsu, ka sa ƙwaya ɗaya-ɗaya, ka ajiye a bakin gona. Bayan kwana goma, duk inda giɓi yake, ka yaga ledar ka sa tsiron da ƙasarsa. Sa'anninsa ne zai tarar. Idan kuma rami ɗaya ne kawai ya ɓace tsakanin lafiyayyu, bar shi, na gefe za su ci sararin su ƙara girman goyo.

'Ya'yan gindi

Bayan wata ɗaya za ka ga wasu rassa na fitowa daga gindin kara, masara mai zaƙi ta fi ta hatsi yin su. Mutane da yawa suna ɓata yini suna fizge su. Ba sa rage goyon uwa, fizgewar ma ita ke buɗe ciwo a gindi. Ka bar su. Yawansu alama ce cewa tsiron ya sami sarari da abinci.

Da ka gama cira, tsaya a bakin kunya ka hango ƙarshenta. Abin da kake son gani shi ne tsiro ɗaya-ɗaya, tsawo ɗaya, tazara ɗaya. A daidai wannan makon ne guzurin ƙwaya ke ƙarewa, saiwa ta fara neman abinci a ƙasa, kuma a makon ne tsutsar nan mai cin kunnen masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016, ke fara zagaye gona. Babi na gaba zai ɗauko daga nan: wane taki, nawa, a wane gefen gindi, da yadda ake gane tsutsar tun tana ƙwai a bayan ganye.